Yadda Ake Koyar da Tarihin Lauya John Adams ta Hanyar Kotun Kwaikwayo a Makarantar Karkara

Malamin da ke koyar da Gwamnati ko Tarihi a sakandaren ƙauye, ko a Gwaram yake ko a Rano, ya san inda ajinsa ke fara gyangyaɗi. Da zarar an zo asalin tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, aka shiga jero sunayen Turawan Amurka da shekarunsu a allo, shi ke nan an rasa yara. Su kwafe, su haddace, bayan jarrabawa su zubar. Maganin wannan shi ne a ɗauki mutum ɗaya a cikin mutanen nan, a ɗauki shari'a ɗaya a rayuwarsa, a mayar da ajin kotu. Wanda ya fi dacewa da wannan aiki John Adams ne, lauya, ɗan majalisa, daga baya shugaban Amurka na biyu. Shari'ar kuwa ita ce ta sojojin Ingila takwas da ya kare a birnin Boston a 1770, lokacin da duk garin ke neman a rataye su.

Aikin yana cin darasi uku na minti 40, da zama ɗaya na minti 80. Kayan aiki kwali uku, maka biyu, takardun fulsikaf kamar 20, jan ƙyalle da za a yayyanka gida takwas, da agogon waya. Ba a bukatar lantarki ko majigi.

Abin da malam zai fara riƙewa

An haifi Adams a 1735 a Braintree, wani ƙauye a kudancin Boston, yankin Massachusetts. Mahaifinsa manomi ne mai haɗawa da ɗinkin takalma, kuma dattijon coci. A faɗa wa yara wannan tun farko, don su san ba ɗan sarauta ba ne. Ya gama kwalejin Harvard a 1755, ya yi koyarwa a garin Worcester, aikin bai kwanta masa ba, sai ya zauna gaban wani lauya mai suna James Putnam yana koyon shari'a. A zamanin babu makarantar lauyoyi, mutum kan zauna gaban gwani ne kamar yadda ake koyon ƙira ko ɗinki. A 1758 aka ba shi izinin tsayawa gaban kotu. Ya auri Abigail Smith a 1764. A 1765 majalisar Birtaniya ta ɗora wa mazauna Amurka harajin kan sarki a kan takardun kotu da jaridu, Adams ya rubuta wa garinsu takardar ƙin amincewa, garuruwa da dama suka kwafe ta. Hujjarsa ɗaya: ba a ɗora wa mutane haraji a majalisar da ba su da wakili a cikinta. A 1768 ya koma Boston, ya kare attajiri John Hancock da aka tuhuma da fasa-ƙwauri. Ke nan kafin 1770 kowa ya san shi a ɓangaren masu adawa da mulkin Ingila. Wannan shi ne gishirin labarin, in aka tsallake shi yara ba za su ga abin mamaki ba a kare sojojin.

Shekarun nan ba sa zama a kan yaro sai an ɗaura su da abin da ya sani. A ja layi biyu a kwali na farko, na sama Amurka, na ƙasa ƙasar Hausa. A 1770 Shehu Usman Ɗanfodiyo saurayi ne ɗan shekara 15, jihadi sai a 1804. Lokacin da Adams ya mutu a 1826, Muhammadu Bello ne Sarkin Musulmi, Ibrahim Dabo ne Sarkin Kano. A manne kwalin a bango har a gama.

Akwai ruɗu uku da sai an kawar a darasin farko. Na ɗaya, a 1770 babu ƙasa mai suna Amurka, yankuna 13 ne a ƙarƙashin Sarki George na Uku, da sojojin da mutanen gari duk talakawansa ne. Na biyu, yara za su kwatanta abin da zuwan Turawa Kano a 1903, kuma ba haka ba ne. Masu adawar su ma Turawa ne, kakanninsu ne suka ƙwace ƙasar daga mutanen asali, kuma akwai bayi baƙar fata a hannun wasunsu, ko da yake Adams kansa bai taɓa mallakar bawa ba. Na uku, Adams uku ne a tarihin: John, da ɗan uwansa na nesa Samuel mai zuga jama'ar Boston, da ɗansa John Quincy wanda ya zama shugaba na shida a 1825. Yaron da ya duba waya zai cakuɗa su, don haka a rubuta su a allo a rarrabe.

Daren 5 ga Maris 1770

Wannan labari malam zai ba da shi da baki, da Hausa, ba tare da ya faɗi yadda shari'ar ta ƙare ba. Wanda ya yi subul da baka ya faɗi hukuncin ya kashe wasan.

Tun Oktoban 1768 aka jibge sojojin Ingila a Boston don su mara wa ma'aikatan kwastan baya. Albashinsu kaɗan ne, sukan nemi aikin ƙwadago a lokacin hutu, suna karya wa 'yan gari farashi, ga kuma zagi da tsokana kullum. Ranar 2 ga Maris an ba hammata iska tsakanin sojoji da ma'aikatan wani wurin tufkar igiyoyin jiragen ruwa. Daren 5 ga wata, ana tsananin sanyi, ƙasa duk dusar ƙanƙara, wani soja mai suna Hugh White yana gadi shi kaɗai a ƙofar ofishin kwastan. Wani yaron shago ya yi wa wani hafsa rashin kunya, White ya kwaɗa masa gindin bindiga a kai. Jama'a suka taru, aka buga ƙararrawar coci, wadda a garin alamar gobara ce, mutane suka ƙara fitowa, wasu da bokitai, wasu da sanduna. Kyaftin Thomas Preston ya zo da kofur ɗaya da sojoji shida don ya fitar da White, suka kasa fita. Ana jifansu da curin ƙanƙara, ana yi musu ihun in sun isa su harba. Wani abu ya bugi soja Hugh Montgomery, ya harba, bayan ɗan lokaci sauran bindigogi suka tashi. Harsashi ya samu mutum 11. Uku sun mutu nan take: Crispus Attucks, ma'aikacin jirgin ruwa mai jinin Afirka da na mutanen asali, da Samuel Gray, da James Caldwell. Samuel Maverick, ɗan shekara 17, ya cika da safe. Patrick Carr ya yi kwanaki yana jinya kafin ya mutu.

Abu biyu na bukatar bayani a nan. Ƙanƙarar da aka yi jifa da ita ba gari ba ce mai laushi, a ce wa yara su tuna ƙanƙarar da kan zubo da ruwan farkon damina ta fasa ganyen gero, sannan su ƙaddara an cure ta kamar hoge. Bindigar kuwa irin ta maharba ce, harbi ɗaya sai an sake ɗurawa. Duk ɗan ƙauye ya san wannan bindiga, kuma sanin yana da amfani, domin shi zai sa ya gane cewa ana iya ƙirga harbi a kwatanta da yawan sojoji.

An raba shari'ar gida biyu, kuma kada malam ya haɗe su don neman sauƙi. Preston aka fara yi wa, daga 24 zuwa 30 ga Oktoba, tambayar ita ce ko shi ya ba da umarnin harbi. Ba a iya tabbatarwa ba, aka sallame shi. To in bai ba da umarni ba, ashe sojojin sun harba ne bisa raɗin kansu, wato wanke kyaftin ya ƙara jefa yaransa cikin haɗari, kuma Adams yana cikin lauyoyin da suka tsaya wa duka biyun. Shari'ar sojojin ta fara 27 ga Nuwamba, ita za a kwaikwaya. A sanar da ajin an riga an sallami Preston, iyakar abin da za su sani ke nan.

Rabon aiki

A ajin mutum 60, ga yadda rabon ke tafiya daidai. Alƙalai huɗu, kamar yadda aka yi a ainihin shari'ar. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci 12. Sojoji takwas, kowa da jan ƙyalle a damtse, tunda jar riga sojan Ingila ke sawa a lokacin. Lauyoyin kariya biyu, John Adams da Josiah Quincy. Masu gabatar da ƙara biyu, Robert Treat Paine da Samuel Quincy, wanda wa ne ga Josiah, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma yara kan so wannan. Kowane lauya a ba shi mataimaki ɗaya mai rubuta masa abin da shaidu suka faɗa. Shaidu takwas, huɗu-huɗu. Magatakarda ɗaya, masinja ɗaya mai kiran shaidu, mai duba agogo ɗaya. 'Yan jarida shida, uku na jaridar 'yan gari, uku na jaridar masu goyon bayan sarki. An samu 49. Ragowar 11 su ne jama'ar Boston, su zauna a baya, kuma aikinsu shi ne kowa ya rubuta hukuncinsa a takarda kafin a fara, ya sake rubutawa bayan an gama.

Mutum 12 ɗin nan su ne abin da ya fi wuyar bayani, domin kotunanmu ba su da su. Yaro ya san alƙali shi ke sauraro shi ke yankewa. A can kuwa talakawa 12 ake zaɓowa, su ne za su ce an yi laifi ko ba a yi ba, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya, alƙali nasa bayyana doka da yanke horo. A shari'ar sojojin babu ɗan Boston ko ɗaya a cikin 12 ɗin, daga garuruwan kewaye aka ɗebo su. In da hali a kwaikwayi wannan, a aro su daga wani aji da bai ji labarin ba. Hukuncinsu ya fi armashi nesa ba kusa ba.

Kada a ba ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari matsayin Adams kai tsaye. In aka yi haka ɓangaren ƙara kan zama na jeka-na-yi-ka, kotun ta koma wasan da kowa ya san ƙarshensa. A raba gwanaye biyu, ɗaya nan ɗaya can. A makarantar da ke haɗe maza da mata, a sa mata a kujerar alƙali da ta lauya, sannan a gaya wa ajin gaskiya cewa a 1770 mace ba ta zama ko ɗaya daga ciki. Nan ne wurin ambaton wasiƙar da Abigail ta aika wa mijinta a Maris 1776 tana cewa su tuna da mata a dokokin da za su tsara, shi kuwa ya mayar da abin raha.

Sojojin takwas ba sa magana, domin dokar lokacin ba ta yarda wanda ake tuhuma ya ba da shaida a kan kansa ba. Yaro takwas zaune shiru na minti 80 kuwa fitina ce. A ba kowannensu suna a rubuce a ƙirji da takarda a hannu, ya riƙa yin alama duk lokacin da wani shaida ya ambace shi da suna ko ya nuna shi. A ƙarshe za a ga takardun mutum biyu ne kawai suka cika, kuma wannan shi ne zuciyar shari'ar.

Katin shaida

Darasi na biyu na katuna ne. A yanka kwali biyu gida takwas, kowane shaida kati ɗaya, kuma kada rubutun ya wuce layi shida. A kowane kati a rubuta abu huɗu: wane ne shi, ina yake tsaye, me ya gani da idonsa, me ya ji daga bakin wani. A ja layi tsakanin na uku da na huɗu da jan maka. Duk darasin a kan wannan layin yake.

Ga yadda katin likita zai kasance, da kalmomin malam, ba wai lafazin mutumin ba:

Ni ne likita John Jeffries. Ba na wurin da aka yi harbin. Ni na yi jinyar Patrick Carr har ya mutu. Da idona na ga rauninsa. Daga bakinsa na ji cewa an matsa wa sojojin ƙwarai, yana ganin don kare kansu suka harba, kuma bai riƙi wanda ya harbe shi ba.

Wannan kati shi ne ya fi kowanne jawo gardama, kuma haka ake so. Ɓangaren ƙara zai ce ji-ta-ji-ta ce, mamaci ba ya nan balle a titsiye shi. Ɓangaren kariya zai ce wanda ya san mutuwa zai yi ba shi da ribar ƙarya. Kotun 1770 ta saurari shaidar. A bar alƙalan aji su yi shawara minti ɗaya su yanke nasu.

Sauran katunan su saɓa wa juna kamar yadda shaidun gaske suka saɓa. Ɗaya ya ce da sanda aka buge Montgomery har ya faɗi kafin ya harba, wani ya ce ƙanƙara ce kawai ta bugi bindigarsa. Ɗaya ya ce ya taɓa jin soja Matthew Kilroy yana cewa ba zai bar damar harbin 'yan gari ta wuce shi ba, wani ya ce ya ga Kilroy ya auna Samuel Gray. Ɗaya ya ce taron yara ne marasa makami, wani ya ce ya ga ƙarti da kulake. Kowane shaida ya ɓoye katinsa daga ɗaya ɓangaren, lauyan da ya kira shi kaɗai zai gani. Dokar shaida ɗaya ce: abin da babu a kati, amsarsa "ban gani ba". Inda aka fi samun matsala ke nan, domin yaro mai baki in aka matsa shi sai ya ƙaro nasa, ya ce ai har wuƙa ya gani. Magatakarda ya riƙe kwafin katunan duka, da ya ji ƙari ya ɗaga hannu, alƙali ya soke maganar.

A koya wa lauyoyi titsiye da gajerun tambayoyi. Misali:

"Malam, ka ce ka ji an ce a harba?"
"Na ji, ranka ya daɗe."
"Ka ga bakin wanda ya faɗa?"
"Ban gani ba, dare ne."
"Jama'ar gari ma suna ihun a harba?"
"Suna yi."
"Shi ke nan, Allah ya gafarta malam, na gama da shi."

Lauyan da ya ƙara tambaya ta biyar a nan yakan ɓata abin da ya samu, domin ya ba shaida damar gyara zancensa. A nuna musu inda ake tsayawa.

Sai bambancin laifi biyu, wanda dole alƙalai da mutum 12 su riƙe. Akwai kisan da aka yi da mugun nufi, hukuncinsa rataya. Akwai kisan da aka yi cikin ɗaukar zafi bayan an tsokani mutum ko an buge shi, wanda dokar Ingila ta ɗauka ƙasa da na farko. Akwai kuma kare kai, wanda babu laifi a cikinsa. Yaran da suka yi Islamiyya za su yi saurin cewa na biyun shi ne kisan kuskure. Ba shi ba ne, wanda ya harba ya san harbi yake yi. A ce musu dokar wata ƙasa ce ta wani zamani, kwatanta ta da fiƙihu a bar wa malamin fiƙihu.

Ranar zama

A zaɓi ranar da hankali. Zangon karatu na biyu ya fi, an gama girbi, ba a fara sharar gona ba, kuma 5 ga Maris kan faɗo a cikinsa. A kauce wa ranar kasuwar yankin, wanda ke kusa da Maigatari kada ya sa Alhamis, na kusa da Wudil kada ya sa Juma'a, in ba haka ba rabin shaidu suna can. Kowane babban matsayi a tanadar masa madadi. Da safe ya fi, kafin rana ta take. In ajin ya yi ƙunci a fita gindin darbejiya, amma a sa alƙalai su juya wa iska baya, kuma a danne takardu da dutse.

Minti 80 ɗin ga yadda za su kasu. Biyar na zama da karanta tuhuma. Uku-uku na buɗe bayani ga kowane ɓangare. Shaidu takwas minti huɗu-huɗu, biyu ga lauyan da ya kira shi, biyu na titsiye, jimla 32. Biyar-biyar na rufe bayani. Uku na babban alƙali ya bayyana wa mutum 12 bambancin laifukan. Goma su keɓe su yi shawara. Biyu na faɗin hukunci. Goma na malam. Saura minti biyu, kuma za su tafi a jan benci. Mai agogo ya buga ƙarfe in lokaci ya cika ko da tsakiyar jimla ce, domin in aka yi wa shaidan farko sassauci, na takwas ba zai samu shiga ba.

Kada a kwaikwayi harbin kansa. Ba bindigar kara, ba jifa ko da da takarda ne. Da an fara, ajin ya zama filin wasa, kuma 'yan jan ƙyalle za su sha tsokana har ƙarshen zango. Haka nan yara za su jawo abin da ya faru a kusa, rikicin manoma da makiyaya ko wata arangama da jami'an tsaro, wataƙila ma akwai wanda abin ya taɓa gidansu. Malam ya ce za a zo wannan bayan an rufe kotu, kuma in an zo a yi magana a kan ƙa'ida, ba a kan sunan kowa ko jam'iyyar kowa ba. Yana da kyau a sanar da shugaban makaranta tun da wuri, kada labari ya isa wurin dagaci cewa ana koya wa yara shari'ar sojoji.

A yi zaman da Hausa. Yaron da aka tilasta wa titsiye da Turanci haddar jimla zai yi, ba tunani ba. Turancin ya zo a aikin gida, tunda da shi za a rubuta jarrabawa.

A minti goman malam ne za a buɗe hukuncin gaske. Bayan shawarar awa biyu da rabi, ranar 5 ga Disamba 1770, an wanke shida, domin ba a iya nuna wanda ya kashe wa a cikinsu ba, ba a ma tabbatar dukkansu sun harba ba. Montgomery da Kilroy aka kama da kisan ɗaukar zafi. Sun tsira daga rataya ta wata tsohuwar ƙofa a dokar Ingila wadda asalinta sassauci ne ga malaman coci, ana ba mutum sau ɗaya a rayuwarsa, aka yi musu lalas a babban yatsa don kada su sake nema. A sa sojojin aji su ɗaga takardunsu, a ga waɗanda aka ambata. Sannan jama'ar Boston su faɗi ko hukuncinsu na farko ya canja, da wace shaida ce ta canja shi. A nan ne ake kawo maganar Adams da ta shahara, cewa gaskiyar abin da ya faru taurin kai gare ta, son ranmu ba ya sauya ta. A nan ne kuma ake buɗe sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, inda aka ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma yana da 'yancin kare kansa ko ɗaukar lauyan da yake so.

Kada a ɓoye wa yara ɓangaren da ba shi da daɗi. Don ya kuɓutar da sojojin, Adams ya siffanta taron da tarkacen yara marasa kunya da baƙaƙe da 'yan Ailan da ma'aikatan jirgi, ya kuma ɗora nauyin tashin hankalin a kan Attucks, yana wasa da ƙyamar da masu sauraronsa ke yi wa baƙar fata. A tambayi ajin ko lauya na da damar yin haka don ceton wanda yake karewa. Ba a rasa zazzafar muhawara a kan wannan.

Darasin ƙarshe: daga kotu zuwa majalisa

Abin da ake zato shi ne shari'ar ta kashe masa siyasa. Ba ta kashe ba. A Yunin 1770, bayan ya karɓi aikin kuma kafin a shiga kotu, mutanen Boston suka zaɓe shi ɗan majalisar wakilan Massachusetts. Sunan majalisar na Turanci yana da kalmar kotu a ciki, wanda ya duba waya kada ya ruɗe, majalisar dokoki ce kamar ta Dutse ko ta Kano. A 1774 aka tura shi babban taron yankunan a Filadelfiya. A 1775 shi ya gabatar da sunan George Washington ya jagoranci rundunar yaƙi, dabara ce ta jawo Virginia da kudu cikin yaƙin da ya fara a arewa. Ya zauna a kwamitoci kusan 90, ya shugabanci 25, har da na kula da yaƙi. A 1776 yana cikin mutum biyar da aka ɗora wa tsara takardar ayyana 'yancin kai. Thomas Jefferson ya rubuta, Adams ya tsaya a zauren ya kare ta da baki, aka kaɗa ƙuri'a 2 ga Yuli, aka amince da takardar 4 ga wata. Paine, wanda suka kara da shi a shari'ar sojoji, yana cikin waɗanda suka sa hannu tare da shi.

Wurin da malamin Gwamnati zai daɗe shi ne 1779, shekarar da Adams ya rubuta daftarin tsarin mulkin Massachusetts, wanda ya fara aiki a 1780 kuma har yau da shi ake amfani. A ciki ya raba iko gida uku, masu yin doka, masu zartarwa, masu shari'a, ya kuma raba majalisa biyu. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya bi wannan fasali, Nijeriya kuma ta ɗauko tsarin shugaban ƙasa daga Amurka a 1979. A zana wannan sarƙa a allo da kibiya huɗu, ta fi shafi biyu na rubutu.

Shekarun jakadanci a wuce su da sauri: Faransa a 1778, Holan inda ya samo amincewa da rance a 1782, yarjejeniyar Paris ta 1783 da ta kawo ƙarshen yaƙi, sai jakadan Amurka na farko a Landan daga 1785. Ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 1789 zuwa 1797, yana shugabantar majalisar dattawa, ya raba kunnen doki sau 29. Ya ci zaɓen shugaban ƙasa na 1796 da ƙuri'a 71 ta wakilan jihohi masu zaɓen shugaba, Jefferson na da 68.

Sai 1798, wadda ba a tsallakewa. Ana zaman ɗar-ɗar da Faransa, Adams ya sa hannu a dokokin da suka tsananta wa baƙi, suka kuma mayar da ɓata sunan gwamnati a rubuce laifi. An ɗaure 'yan jarida, an ɗaure ɗan majalisa Matthew Lyon wata huɗu da tarar dala 1,000, mutanensa suka sake zaɓensa yana kurkuku. Shi dai wannan Adams ɗin ya ƙi biye wa jam'iyyarsa a shiga cikakken yaƙi da Faransa, ya yi sulhu a 1800, ya faɗi zaɓe a shekarar, ya bar wa Jefferson kujera a 1801 bayan ya naɗa John Marshall babban jojin ƙasa. Ya mutu 4 ga Yulin 1826 yana da shekara 90, rana ɗaya da Jefferson.

Aikin gida shafi ɗaya ne, da Turanci: a kwatanta Adams na 1770 da Adams na 1798. A raba maki 20 gida huɗu, biyar ga daidaiton shekaru da sunaye, biyar ga kawo shaida daga katunan, biyar ga rarrabe abin da aka gani da abin da aka ji, biyar ga harshe. 'Yan jarida shida su nasu aikin daban ne, kowane ɓangare ya rubuta rahoton zaman da bai wuce layi 15 ba, a manne rahotannin biyu gefe da gefe a allon sanarwa na mako ɗaya. Katunan kuma a haɗa su a leda a ajiye a ofis, gara ba ta barin kwali a aji har shekara ta zagayo.